Abin da Ya Kai Gwaggo Dije Damagaram

Tun da muka dawo ban huta ba. In na je rijiya tambaya, in na je gidan biki tambaya, har malaman makarantarmu da nake ganin sun fi ƙarfin surutu, da an fita tara sai su zagaye ni: "Sa'a, wai yaya Damagaram ɗin take? Da gaske burodinsu ya kai tsawon taɓarya?" Na daɗe ina ba su guntu-guntu, domin labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Yanzu mai shi ta ce in faɗa, ta kuma ce kada in rage komai sai inda ta yi minshari. To ga shi, wannan ɗin kaɗai na rage.

Ni ce mai kula da ɗakin karatun ƙauyenmu, gabas da Kunci. Ɗaki ne guda a jikin firamare, da 'yan kantocin littattafai da tabarmi. Ƙofarsa tana kallon hanyar rijiya, duk wanda zai shiga kuma sai ya tuɓe takalmi a waje, a garinmu kuwa babu wanda bai san takalmin wani ba. In mutum ya shigo, da murya sama nake tarbarsa: "Sannu da zuwa, wane littafi za a ba ka?" Haka muka san karamci, ban taɓa ganin aibunsa ba.

Gwaggo Dije ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Ta yi yaƙi da jahilci tun da sauran ƙuruciyarta, tana karanta Hausa tsaf, ko takardar da aka ƙunso mata ƙosai ba ta jefarwa sai ta ga abin da ke jiki. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ɗakin nan nawa ba. A garinmu kuma ita ce uwar dubiya. In aka ce wane ba shi da lafiya, kafin labarin ya kai ƙarshen unguwa kwanon kununta ya isa gidan, sannan sauran mata su biyo baya.

Bayan cirar gyaɗa na fara lura da ita. Ta daina ɗaga taɓarya da hannun hagu. In jikoki suka rugo za su faɗa mata a ƙirji, sai ta tare su da gwiwar hannu. Na tambaye ta, ta ce, "Ƙalau nake, ke dai kin cika sa ido." Ɗakin shan maganin garinmu surukar maƙwabciyarta ce ke aiki a ciki, waya kuwa ba ta iya duba komai a kai sai ta sa wani ya duba mata. Ana haka sai ga saƙon suna daga Damagaram: Mariyama, 'yar ƙanwar marigayi mijinta, ta sauka. Gwaggon da ko Kano sai ta shekara ba ta leƙa ba ta ce za ta je, kuma ni zan raka ta. Muna ɗaure tsaraba ta ce, ba ta ko dube ni ba, "A can ma suna da irin ɗakin nan naku na littattafai?" Na ce ai babban gari ne, ba za a rasa ba. Ta ce, "To." Daga nan na gane ba suna ne zai kai ta ba. Akwai abin da take son ta sani game da jikinta, kuma tana son ta san shi a inda ba a san takalminta ba. Na ci gaba da ƙulle bokitin ƙuli.

Da sassafe muka fita, muka samu motar Kazaure, daga nan muka canja ta Daura. A wannan ta biyun aka cusa mu kamar buhunan gero. Gwaggo ta kafe sai an ba ta gefen taga na hagu, har sai da wata mata mai goyo ta haƙura ta matsa. Jarkar man gyaɗar da za mu kai wa mai jego aka tura ƙarƙashin kujera, ashe murfinta bai zauna ba. Ba mu ankara ba sai da wani bawan Allah da ke gabanmu, cikin farar shadda, ya ɗaga gefen rigarsa yana salati.

"Inna, ɗaurin aure fa za ni! Yanzu haka zan shiga cikin mutane ina ƙamshin tukunyar suya?"

Gwaggo ta leƙa ta ga ɓarnar, ta ce, "Yi haƙuri ɗan nan. Amma ka gode Allah, na bana ne, kuma ba gauraye."

Motar ta kwashe da dariya har shi. Ta cika masa aljihu da ƙuli, kafin mu kai Daura ya gama ba ta labarin duk danginsa. Ni dai ban yi dariyar da kyau ba, don na ga duk ramin da motar ta faɗa sai Gwaggo ta ɗauke numfashi ta dafe ƙofa.

A Kwangwalam muka bar namu jami'an, muka isa wurin na can. Wani jandarma ya karɓi katunanmu yana juya su, ya ce da Gwaggo, "Hajiya, ina zuwa?"

"Suna."

"Yaya sunan jaririn?"

"Ai shi za mu je mu jiyo."

Ya miƙo mata katinta yana girgiza kai. Gaba kaɗan kuma 'yan duwan ne, wato kwastan ɗinsu. Suka buɗe bokiti, suka sansana jarka, sannan wata jami'a ta zo tana laluben mata ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Gwaggo ta ɗago hannu, sai Gwaggo ta ja da baya ta rungume ƙirjinta da hannu biyu. Na ce shi ke nan, yau za a ce mun ɓoye wani abu. Matar ta tsaya tana kallon fuskarta, ba hannayen ba. Can ta sauke hannunta ta ce, "Wuce, Inna. Allah ya kiyaye hanya." Har yau ina yi wa matar nan addu'a, ban kuwa san sunanta ba.

Daga nan hanya ta miƙe ta Matamaye. Gonakin irin namu ne, gero da gawo, sai dai ƙauyukansu ba su matse juna kamar namu ba, inda in ka yi atishawa a wannan gari ake yi maka addu'a a na gaba. Hausa ɗaya muke yi da su, amma makaranta lakwal ce a bakinsu, asibiti kuma likita, in ka gaishe su su ce "lahiya lau". Kuɗinsu kuwa ban ma gwada gane kansa ba, na bar wa masu gari.

Gidan Mariyama a cike muka same shi da 'yan suna. Aka sauke mu a ɗakin uwar mijinta, tsakanin buhunan gero da wani tsohon keken ɗinki, aka shimfiɗa mana katifa ɗaya. Da safe aka kawo burodin nan da kuke tambaya. Bai kai taɓarya ba, amma ya kai muciya, kuma bayansa da tauri. Gwaggo ta ƙwanƙwasa shi a gefen kwano ta ce, "Mariyama, wannan na ci ne ko na korar awaki?" Daga ƙarshe a kunu ta jiƙa shi, ta kuma cinye tas. Da rana dambu ne da zogale da ɗanyar albasa, aka barbaɗa ƙulin Gwaggo a kai, nan da nan matan gidan suka fara zuwa ganin wadda ta yi shi. Shayinsu ne ba mu shirya da shi ba. A wani ɗan kofi kamar murfin kwalba ake ba ka, ga ɗaci. Gwaggo ta kurɓa ta ce, "A garinmu in ka ba baƙo wannan, zai zaci maganin tari ne." Suka ce ai sai an sha zagaye na gaba sannan zaƙin ke fitowa. Gaskiyarsu ne, amma mutum sai ya yi haƙuri.

Duk wannan raha da take yi, in za ta canja kaya sai ta ce in je in ɗebo mata ruwa. Ni kuma in je, in daɗe.

Da aka watse daga suna, Gwaggo ta ce wa Mariyama, "Sa'a ce ta dame ni tana son ganin ɗakin littattafan garin nan, kin san aikinta ne. Bari in raka ta kada ta ɓata." Na karɓi laifin. Aka kwatanta mana wani ɗakin karatu da ke jikin cibiyar da mata ke koyon ɗinki. Muka tafi da tsakar rana, muka tarar da ƙofa a garƙame. Ashe a can in rana ta take kowa rufewa yake ya je ya kwanta, sai ta yi sanyi a dawo. Muka zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro muna kore ƙuda. Na ce mu koma gida mu dawo gobe. Gwaggo ta ce, "Na zo daga Kunci, ba zan kasa jiran mai makulli ba."

Mai makullin ta zo gab da la'asar, wata doguwar mata mai tabarau, ana ce mata Madam Falmata. Na sunkuya zan tuɓe takalmi, ta ce in shigo da abina. Ta gaishe mu gaisuwa mai kyau, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya da mutan gida, sannan ta koma kujerarta. Ba ta ce me muke nema ba. Na tsaya ina jira, shiru. A raina na ce wannan wace irin mai ɗakin karatu ce, baƙi sun shigo ko ta tambaye su buƙatarsu? Da na gaji na faɗa mata ni ma aikina ke nan a gida. Nan take ta miƙe ta rungume ni, ta ce ashe 'yar'uwa ce, ta ja ni tana nuna mini kantoci tana surutu kamar mun shekara da sanin juna. Littattafanta sun fi nawa yawa, nawa sun fi nata tsabta, na kuwa faɗa mata, ta ce 'yan Najeriya ba ku da dama.

A ƙuryar ɗakin akwai wani labule shuɗi. Na ce nan fa?

Ta ce, "Wurin sallar mata ne. Can ciki kuma na jera littattafan lahiya, na ciwo da na haihuwa da na abin da ya shafi jikin mace, har da na Hausa. Duk bango iri ɗaya na yi musu da takardar siminti. Ba a rubuta sunan kowa a kansu."

"Me ya sa a wurin salla?"

"Mace in ta ɗaga labulen nan, wa zai ce mata me za ki yi? Salla za ta yi. In ta daɗe, lazimi take. Ni ban sani ba, ba na kuma son in sani."

Da ɗan ƙarfi ta faɗe shi, tana kallon kantocin littattafai, ba ta kalli kowa ba. Sai na ji muryar Gwaggo a bayanmu: "An kira la'asar kuwa?"

"Yanzu aka kira, Hajiya. Ga buta can."

Gwaggo ta yi alwala, ta shiga da takalminta a hannu, labulen ya rufe.

Muka zauna ni da Madam. Na kasa haƙuri na ce mata, ƙasa-ƙasa, "Amma Madam, in kin san mace na cikin damuwa ai kya taimaka mata. Mu a wurinmu in ka san mutum ba shi da lafiya ba ka je dubiya ba, ka yi abin kunya."

Ta ce, "Mu ma muna dubiya, Malama. Amma sai mai ciwo ya ce yana ciwo. Kafin nan mai karatu ne kawai."

Ta ɗora shayi. Lokacin salla ya wuce, na lazimi ma ya wuce. Ɗakin ya yi tsit har ina jin ƙarar buɗe shafi daga bayan labule, a hankali, irin na mai bin layi da yatsa. Can ƙarar ta tsaya. Sai na ji an ja hanci. Na yunƙura zan tashi, sai Madam ta miƙa hannu ta kunna 'yar rediyonta, ta ƙara murya daidai yadda ba za a ji komai daga ƙurya ba. Muka zauna muna sauraron farashin albasa da Faransanci, ni ba ji nake ba, hawaye na zubo mini cikin kofin shayi.

Da Gwaggo ta fito idanunta sun yi ja, amma ta gyara ɗaurin kallabinta tsaf. Ta ce, "Sa'a, je ki yi taki, rana na faɗuwa."

Na shiga. Darduma ce da wata ƙaramar kanta a jikin bango, littattafai a jere, duk kala ɗaya kamar yadda Madam ta faɗa. Sai dai guda ɗaya bai koma daidai ba. Ya ɗan fito, ya karkace, kamar haƙorin da ya goce a baki. Ba sai an gaya wa mai aikina abin da wannan ke nufi ba.

Sallar nan Allah dai ya karɓa, don sai da na yi mata gyara. Na sallame na zauna, littafin yana daidai kafaɗata. Wallahi na so in buɗe shi kamar raina zai fita. Matar nan ita ta yi mini wanka, ta san duk tabon da ke jikina da inda na samo shi, yaya za a ce ni ban da ikon sanin abin da ke cin nata? Har na ɗora yatsa a kansa. Sai na tuna in na buɗe, da wata fuskar zan fita, kuma Gwaggo ta fi iya karanta fuskata a kan takarda. Ta ƙetare iyakar ƙasa da ciwo a jikinta don ta samu wuri ɗaya da ba a leƙa ta, in ya zama ni ce na leƙa, ina kuma za ta je? Na rufe ido, na tura shi ciki da tafin hannu, na shafa layin gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ko ni ba zan ƙara gane shi ba.

Da za mu tafi, abin da Madam ta ce wa Gwaggo kawai shi ne, "Allah ya karɓa, Hajiya." Gwaggo ta ce amin, ta riƙe hannunta ta ɗan jima ba ta saki ba.

Dawowa ba mu sha wahala ba. Mariyama ta cika mana bokiti da alkaki, aka wuce da mu a iyaka ba dogon bincike. Gwaggo ba ta tsokani kowa a mota ba, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan. Muka sauka a tashar Kazaure da rana tsaka, muka samu inuwa a bayan wata rumfa muka sayi fura. Ɗan kamasho yana ta kiran Kunci, saura mutum biyu. Na miƙe na ɗauki bokiti. Gwaggo ba ta motsa ba.

"Zauna," in ji ta. Na zauna.

"Kin duba?"

Ban yi kamar ban gane ba. Na ce, "Ban duba ba, Gwaggo."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ka ji mini yarinya. Da gangan fa na bar miki shi a karkace, don ki gani ki hutar da bakina. Ke kuma kwana kaɗan kin zama 'yar Damagaram."

Ta juya ludayi a cikin furar, ba ta sha ba.

"Amma gwamma da ba ki duba ba. Da tun a can za ki fara yi mini kallon nan. Sa'a, ni na san dubiya, ni ke kai kwanon farko. Ran da aka ji, za a karɓe taɓarya daga hannuna, a riƙa yi mini magana ƙasa-ƙasa, waɗanda muka yi faɗa da su tun kina goye su zo neman gafara. Ban so a fara mini wannan tun ban san sunan abin ba. Yanzu na san sunansa. Littafin ya ce irinsa ba a zama da shi a gida, babban asibiti ake kai shi tun da wuri. Ban sani ba ko da sauran wurin." Ta dubi hagu da dama. "Kawo hannunki."

Ta ja hannuna ƙarƙashin mayafinta, ta ɗora shi a gefen nononta na hagu, ta danna yatsuna a kai. Wani abu ne mai tauri kamar ƙwallon goruba, ba ya motsi.

"Kin ji shi?"

Na ɗaga kai.

"To yanzu mu biyu muka sani, kuma ni na kai hannunki da kaina. Share fuskarki, mutane na kallo. Ɗauki bokitin."

Muka wuce motar Kunci ɗan kamashon yana ta kiranmu, "Hajiya, ga wuri, ku kaɗai ake jira!" Gwaggo ta ce masa ya nemi wasu. Ta tsallaka titi ina biye da ita, ta tsaya a gaban motar Kano ta ce mutum biyu.

Motar ba ta yi nisa da tashi ba na ji ta kwantar da kanta a kafaɗata, ta saki jikinta gaba ɗaya a kaina. Tun tasowata ni ce mai jingina da ita. Ban san ta rame haka ba sai ranar.